Kalmar "Run" a Jaridun Turanci: Wa Yake Gudu, Kuma Ina Za Shi?

Tun muna firamare aka saka mana a ka cewa "run" gudu ne. Muka yi ta rera "run, ran, run" har ya zauna, aka wuce wurin. To amma duk wanda ya saba buɗe Daily Trust ko Punch ko Premium Times a wayarsa ya san cewa a yawancin wuraren da kalmar nan take fitowa, babu wanda ya ɗaga ƙafa balle ya zuba a guje. Gwamna yana zaune a ofis, a ce "he runs the state". Ɗan takara yana kishingiɗe a bayan mota, a ce "he is running". Asibiti ma, da yake gini ne kafe wuri ɗaya, sai ka ga an rubuta "it has run out of drugs".

Abin da ya sa na ga ya kamata mu tsaya a kan wannan kalma shi ne, mu ɗalibai mu ne tafintocin gida, ko muna so ko ba ma so. Ka koma hutu Ringim ko Taura ko Garki ko Babura, kana zaune wurin mai shayi, sai wani dattijo ya miƙo maka waya ya ce, "Ɗan boko, duba mana, me suka ce a nan?" Abin da ka faɗa a wurin nan shi ne labarin. Kafin la'asar ya zaga unguwa, kuma da sunanka zai zaga. Misalan Turancin da zan kawo ni na tsara su a kan salon da jaridu suke bi, ba daga wata jarida na kwafo su ba.

Masu tsara babban ƙamus ɗin Oxford sun sake bitar kalmar, aikin da wani editansu mai suna Peter Gilliver ya shafe fiye da wata tara yana yi. A 2011 aka bayyana cewa a matsayinta na aikatau kaɗai tana da ma'anoni 645. Kafin nan "set" ce take riƙe da kambun da ma'anoni 430. Kada adadin ya tsorata kowa, don Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan. Ku dubi "ci". Mutum ya ci tuwo, ya ci zaɓe, ya ci jarrabawa, ya ci bashi, ya ci amana. An ci shi tara. Wuta ta ci rumbu, riga ta ci yadi biyar, kasuwa tana ci. Har masana biyu, Philip Jaggar da Malami Buba, sun wallafa nazari guda a 2009 a kan yadda "ci" da "sha" suke faɗaɗa a Hausa. Amma babu yaron da zai ji an ce kasuwa tana ci ya tambaya me take ci, domin kunnensa ya saba ya dubi kalmomin da suke gefe kafin ya yanke ma'ana. Abin da ake bukata da "run" ke nan: ka duba wa yake yin aikin, sannan ka duba 'yar kalmar da ta biyo baya, irin su for, out, into, over da on. Sau da yawa a jikin wannan 'yar ƙaramar labarin yake.

Wani abin da zai sauƙaƙa mana shi ne, Hausa ma ta ja kalmar gudu zuwa inda Turanci ya ja tasa. Daga gudu muka sami gudana: ruwa yana gudana, taro ya gudana lafiya. Daga nan kuma muka sami gudanarwa: shugaba yana gudanar da mulki, 'yar kasuwa tana gudanar da shagonta. Saboda haka idan "run" ta hau kan wani abu kai tsaye, gwamnati ko kamfani ko makaranta ko shiri, to gudanarwa ce. Wannan ba ya ba kowa wahala. Abin lura kawai shi ne bambancin "state-owned" da "state-run". Na farko yana cewa gwamnati ce ta mallaka, na biyu yana cewa ita ce take juya akalar. Idan kamfanin dillancin labarai na waje ya kira wani gidan talabijin "state-run", a ganina ba bayani kawai yake yi ba, yana ɗan taɓa mai karatu ne cewa ya san bakin wa yake ji.

A fagen siyasa ne kalmar ta fi yin aiki, kuma a nan ta fi jawo rigima. "Run for" tsayawa takara ne. Abin dariya shi ne wannan salon Amurka ne. Turawan Ingila sun fi cewa "stand for", wato dai tsayawa, kamar yadda Bahaushe yake faɗa. Jaridun Najeriya suna amfani da duka biyun, har da "contest" da "vie for", amma tunda tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka muka ɗauka tun 1979, harshen siyasarsu ma ya biyo mu. Malam Aminu Ibrahim Ringim ya tsaya takarar gwamnan Jigawa a PDP a 2015 da 2019, sannan a NNPP a 2023. Da Turancin jarida sai a ce "he ran three times". Wanda ya fassara wannan da cewa ya gudu sau uku, ya juya maganar ta koma kishiyarta, domin a siyasar Hausa gudu janyewa ne. "Run against" kuma karawa ce da wani, "run unopposed" tsayawa ba hamayya, abin da muke gani a wasu kujerun ƙungiyar ɗalibai idan mutum ɗaya ne ya sayi fom. "Running mate" shi ne wanda zai mara wa ɗan takara baya a matsayin mataimaki. Malam Umar Namadi shi ne ya yi wa Badaru Abubakar wannan matsayi a 2019, kafin shi ma ya tsaya da kansa a 2023. Ku lura, mutum yana "running mate" ne kafin zaɓe kawai. In an ci an rantsar, ya zama "deputy governor".

Yanzu ga inda nake so mu daɗe: "run-off" da "rerun". Ana cakuɗa su ƙwarai, har a bakin 'yan jarida, alhali kowanne da dokarsa da sakamakonsa.

"Run-off" shi ne zagaye na biyu. Yana faruwa ne idan an kammala zaɓe lafiya, an ƙirga komai, amma babu wanda ya cika sharaɗin da doka ta gindaya. Sashe na 179 na tsarin mulkin 1999 ya ce kafin mutum ya zama gwamna sai ya fi kowa yawan ƙuri'a, kuma ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar. Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27, wato ke nan sai ya sami wannan kason a 18. In ba a samu ba, sai a koma da 'yan takara biyu kacal. Tun daga 1999 ba a taɓa zuwa zagaye na biyu a zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya ba, amma maƙwabtanmu na Nijar sun saba da shi. An yi zagaye na farko ranar 27 ga Disamba 2020, babu wanda ya haura rabi, sai aka koma ranar 21 ga Fabrairu 2021 tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane.

"Rerun" kuwa sake zaɓe ne, yawanci bayan kotu ta soke na farko. Ƙuri'un da aka soke sun tafi ke nan, daga sifiri za a fara. Haka aka yi a Sakkwato a 2008, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta soke zaɓen Aliyu Magatakarda Wamakko, aka sake a watan Mayu ya sake ci.

To abin da ya faru a Kano a 2019 fa, wanda ya bar mana kalmar "inkwankulusib" a bakin kowa? Shi ba wannan ba ne, ba wancan ba ne. An yi zaɓe ranar 9 ga Maris, aka soke sakamakon wasu rumfuna, ciki har da na mazaɓar Gama, hukumar zaɓe ta ce tazarar da take tsakanin Abba Kabir Yusuf da Abdullahi Umar Ganduje ba ta kai yawan masu rajista a wuraren da aka soke ba. Sai aka koma waɗannan rumfunan kaɗai ranar 23 ga Maris, aka haɗa abin da aka samu da na baya. Sunan wannan a hukumance "supplementary election", wato ƙarashen zaɓe. Amma mutane da yawa "rerun" suka riƙa kiransa, wasu kuma zagaye na biyu. Me ya sa bambancin yake da muhimmanci? Domin tambayar farko da mai jefa ƙuri'a zai yi maka ita ce, "To ni zan sake fita ne, kuma ƙuri'ata ta farko tana nan?" Amsar ta dogara ne kacokan da wanne daga cikin ukun ake nufi. In ka ce masa an soke zaɓe alhali rumfuna kaɗan ne za a ƙarasa, ka kunna wutar da ba kai za ka kashe ba.

Wani abin mamaki, wannan "run-off" ɗin dai in ta fito a labarin damina ba ruwanta da zaɓe. 'Yan sashen injiniya da na aikin gona sun san ta: ruwan sama ne da ƙasa ta kasa shanyewa ya malale ya bi gangare. Mutanen Ringim ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Kogin Haɗeja, wanda madatsun Tiga da Challawa suke sama da shi, ta gefenmu yake bi, kuma Ringim tana cikin ƙananan hukumomin da ambaliyar 2022 ta fi yi wa ɓarna. Jarida za ta ce "the river runs past Ringim", wato yana wucewa ta nan. In rani ya yi tsanani a ce rijiyoyi "have run dry", sun ƙafe. Haka layin dogo da aka kammala a 1930, "it runs from Kano to Nguru", ya miƙa ke nan daga Kano zuwa Nguru ta Ringim, ƙarfe ne kwance ba ya motsi. Amma in aka ce "the train runs on Fridays", maganar zirga-zirgar jirgin ake yi. Layi yana iya "run" shekara da shekaru ba tare da jirgi ya "run" a kansa ba, kuma jimlolin biyu duk daidai ne.

A shafin kuɗi akwai tagwaye biyu da nake roƙon kowa ya rarrabe su da kyau. A farkon 2023, bayan sauya fasalin Naira, abin da ya faru shi ne "banks ran out of cash". Takardun kuɗi ne suka ƙare a hannun bankuna, kuɗinka yana nan a asusu amma babu tsabar da za a ba ka, muka koma bin masu POS. Wannan daban yake da "a run on the bank", wanda yake nufin masu ajiya sun tsorata cewa bankin zai durƙushe, suka yi rububin kwashe kuɗinsu gaba ɗaya. An ga irinsa a bankin Northern Rock na Ingila a watan Satumba 2007, da kuma Silicon Valley Bank na Amurka a Maris 2023, inda masu ajiya suka nemi cire dala biliyan 42 a yini ɗaya, washegari hukuma ta rufe shi. Babu bankin da yake ajiye duk kuɗin mutane a ɗaki, yana bayar da rance da mafi yawansa. Shi ya sa jita-jita kaɗai tana iya kayar da banki mai lafiya. Wanda ya karanta na farko ya fassara shi da na biyu a dandalin WhatsApp na unguwarsu, ya zama ɗaya daga cikin masu tura katangar. Sauran na wannan shafi masu sauƙi ne: "run a deficit" kasafi ne mai giɓi, abin kashewa ya fi abin shigowa, "run up debts" tara bashi, "running cost" kuɗin tafiyar da harka ta yau da kullum, kamar man janareto da albashi.

Labarin 'yan sanda da kotu shi ne inda 'yar kalmar nan ta baya take iya ɗaure mutum ko ta wanke shi. Ku dubi waɗannan ukun: "he ran the gang", "he ran with the gang", "he ran from the gang". Na farko shi ne shugaban gungun. Na biyu yana yawo da su, ɗan cikinsu ne. Na uku kuwa tserewa ya yi daga hannunsu, wataƙila ma shi aka zalunta. Kalma ɗaya tak ta raba ɓarawo da wanda aka yi wa sata. "On the run" shi ne wanda ya tsere ana nemansa ruwa a jallo, "gun-running" safarar makamai, "run over" mota ta take mutum, "hit-and-run" direban da ya kaɗe mutum ya ƙara mai. In kuma ka ga "allegedly" a gaban kowanne daga cikinsu, kada ka yar da ita a hanya. Zargi ne, kotu ba ta tabbatar ba, kuma da "ana zargin" ya kamata fassararka ta fara.

"Run into" ita ma fuska uku gare ta. Mota "ran into a trailer", ta afka wa tirela. Aikin hanya "ran into trouble", ya gamu da cikas. Amma in adadi ne ya biyo baya, ma'anar ita ce ya kai. 'Yan jarida suna jawo ta ne idan ba su da tabbataccen lissafi a hannu, su ce asara "runs into millions" ko waɗanda suka rasu "could run into hundreds". Mun ga yadda adadi yake motsi a irin wannan hali lokacin fashewar tankar mai a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a daren 15 ga Oktoba 2024. Rahotannin farko sun ambaci mutum casa'in da wani abu, kafin yini ya ƙare an haura 140, kuma ya ci gaba da ƙaruwa yayin da wasu daga cikin waɗanda aka kai asibitocin Ringim da Haɗeja da sauransu suka cika. A irin wannan rana, "could" tana nufin ƙiyasi ne, "hundreds" kuma ɗaruruwa ne ba ɗari ba. Masu jiran labarin 'yan uwansu sun cancanci a gaya musu wanne ne tabbas, wanne ne hasashe.

Na 'yan gidan kallon ƙwallo ba sai na ja ba, sun fi ni sani. "Unbeaten run" jerin wasanni ne ba a doke ƙungiya ba, kamar 49 da Arsenal ta yi a gasar Firimiya daga Mayu 2003 zuwa Oktoba 2004, har Manchester United ta taka mata birki. "Runner-up" wanda ya zo na biyu. "Run riot" a filin wasa ruwan ƙwallaye ne, amma in a labarin gari ta fito, tarzoma ce. Su kansu 'yan jarida suna amfani da ita a kan aikinsu: "the paper ran the story" ta buga labarin, "it ran a correction" ta buga gyara.

Me ya sa editoci suke ƙaunarta haka? Harafi uku ce. Kanun labari fili ne ƙarami, "administer" ko "contest" ko "operate" suna cin wuri, ita kuwa ta shige ko'ina. Wannan matsin filin ne kuma ya haifar da wata ƙa'ida da ba a cika koyarwa a darasin GNS ba. A kan labari, "runs" yawanci abin da ya riga ya faru ne, "to run" kuma abin da ake shirin yi. "Hospital runs out of blood" jinin ya riga ya ƙare. "Senator to run for governor" bai tsaya ba tukuna, niyya ce ya bayyana. Ga mu kuma akwai ƙarin tarko, tunda mutanenmu suna ɗaukar sunan garinsu. Tsakanin 2010 da 2012, lokacin da Hafiz Ringim yake Sufeto Janar na 'yan sanda, kusan duk "Ringim" da ta fito a kanun jaridun Legas shi ake nufi. Saboda haka in ka ga "Ringim to run again", ba garin ne zai tashi ba. Manhajojin fassara na waya a irin wannan wurin suke yawan tuntuɓe, domin kan labari ba shi da isassun kalmomin gefe da za su jingina da su. Gara ka buɗe labarin ka karanta sakin layi na farko kafin ka buɗe baki.

Akwai kuma wadda mu 'yan Najeriya muka ƙirƙiro da kanmu, wato "runs". A harabar makaranta kowa ya san abin da ake nufi in an ce wane yana "runs" lokacin jarrabawa, kuma jaridunmu sukan saka ta cikin alamar zance idan suna labarin satar amsa ko wata harƙalla. Wannan ma'anar tamu ce, Baturen Ingila bai san ta ba. A wurinsa "the runs" ciwon ciki ne mai sa mutum zarya zuwa bayan gida, abin da mu ma, daga wannan tushen dai na gudu, muke kira gudawa. Don haka duk wanda yake da aboki a can ya rubuta masa cewa yana fama da "runs" a makon jarrabawa, kada ya yi mamaki in an ba shi shawarar ya sha ruwan gishiri da sukari.